Inna da Gida Mai Zanko

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Inna dai ta riga mu. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, maza suka raka ta makwancinta, mu mata muka zauna karɓar gaisuwa a gidanta da ke unguwar Utaibiyya a Makka. Ni matar ɗanta na biyu ce, don haka ni ke zagayawa da butar gahawa da farantin dabino, kuma mai zagayawa da buta tana jin abin da na zaune ba sa ji.

Wata tsohuwa Balarabiya, maƙwabciyarmu tun kafin a kawo ni gidan, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Bayan ta yi mini ta'aziyya sai ta nuna bango da haɓa, ta ce yanzu wa zai tsaya wa gidan nan. A ƙasa, kan titi, inda aka jera wa maza kujeru, mijina ya ce magina da direbobi da masu shara, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, sun fi dangi yawa. Akwai wani direba mutumin Damagaram da ya zo gaisuwa, sai ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska da hiraminsa.

Amma ba duka ke nan ba. Ina saukowa daga matakala na tarar da mata biyu cikin danginmu na unguwar Shisha sun haɗa kai. Ɗaya ta ce, "Allah ya jiƙanta, amma gaskiya ta ɗaure 'ya'yanta." Ɗayar ta ce, "Tsufa ne. Mutum da hankalinsa ya zaɓi duwatsu ya bar jininsa?" Da suka gan ni suka gyara murya suka ce, "Sannu, ya haƙuri?" Na ce da godiya, na zuba musu gahawa. Ban tanka musu a ranar ba don gidan makoki ne. Yau zan tanka.

Ba zan kira sunanta ba, surukata ce. Jikokinta suna ce mata Sitti, ma'aikatan da suka kwana a gidanta suna ce mata Hajiya, 'ya'yanta da mu matansu muna ce mata Inna. A Makka aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Sakkwatancin da ke bakinta na mahaifinta ne, yadda ta karɓe shi haka ta riƙe shi, sai dai takan yayyafa masa Larabcin Hijaz inda ta ga dama. Na san yawancin jikokinta sai an fassara musu wannan rubutu. Duk da haka da Hausa zan yi shi, domin da Hausa take faɗa, kuma faɗanta nake so a tuna.

Mahaifinta magini ne. Ya taho hajji a ƙasa ta Sudan, ya yi shekaru a hanya, da ya iso bai koma ba. Ya yi wa mutane gini har ya samu fili a inda a lokacin bayan gari ne, ya gina masauki don alhazan ƙasarmu. Hawa uku ne, na baƙin dutsen Makka, an ɗaure shi da farar ƙasa. Bangon hawan ƙasa yana da kaurin da in ka zauna a taga sai ka ji kamar a bakin gado kake. A gaban gidan akwai roshan, wato tagogin katako masu turowa waje kamar akwati, da ƙananan ramuka: iska ta shigo, na ciki ya ga titi, na titi bai ga na ciki ba. Wannan aikin Hijaz ne, kafintocin garin suka yi masa. Amma da ka sa ƙafa ciki, zaure ne sosai irin na gida, da bakan gizo biyu da suka gitta juna a sama. A kusurwoyin rufi kuma ya kafa zankwaye. Inna ta ce da gangan ya yi, don alhajin da ya sauka garin bai san kowa ba, bai iya Larabci ba, in ya ɗaga kai ya hango zanko ya san akwai nasa a nan. Har Larabawan unguwa Bait Zanko suke ce wa gidan, ba tare da sun san mene ne zanko ba.

Washegarin da aka kawo ni daga Katsina, da azahar, ana wani zafi da ban taɓa sanin akwai irinsa ba, ta kama hannuna ta ɗora a bangon zaure.

Ta ce, "Mi kinka ji?"

Na ce, "Sanyi, Inna."

"Tayyib. Wanga bango ya girme ki, ya girmi mijinki. Ba a kafa mashi ƙusa, ba a jingina mashi tsintsiya. Kin ji, Amarya?"

Daga ranar Amarya take kirana, har furfura ta fito mini.

Ba zan ce mai sanyin hali ce ba, don in na faɗa waɗanda suka san ta za su daina karantawa. Harshenta kaifi gare shi. Ba ta son ƙorafi. In ka zo mata da kukan ciwon baya ko halin miji, takan saurare ka sosai, idonta a kanka, sannan ta ce, "Halas, an ji. Ɗauko tsumma." Kowace shekara kafin azumi sai an shafe katakon roshan da mai, rami bayan rami, ita a zaune tana nuna inda aka tsallake da sandarta. Ruwan firiji ba ta shansa. Tulunan ƙasa take jerawa a cikin roshan iska ta sanyaya su, ta turara su da turaren ƙaro, kuma duk baƙon da ya zo sai ya sha ya yaba, in bai yaba ba ta tambaye shi ko harshensa ya mutu.

Rigimar farko da na gani da idona tsakaninta da Yaya ce, babban ɗanta, wan mijina, mai shagon kayan gini a unguwar Rusaifa. Mutum ne mai son uwarsa, amma irin son da ba ya shawara. Wata rana da hantsi ya zo da ma'aikaci da injin huda bango, zai sa mata mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakinta na gaba don zafi ya yi yawa a shekarar. Inna ta ja tabarma ta shimfiɗa daidai inda aka yi alama da alli, ta zauna ta jingina bayanta.

Yaya ya ce da Larabci, "Ya ummi, don lafiyarki ne. Kowa ya sa."

Ita kuwa da Hausa ta amsa, haka suke yi kullum, shi Larabci ita Hausa. Ta dubi ma'aikacin ta ce, "Kai ɗan nan, kunna abinka. Ka hwara da bayana."

Ma'aikacin Bahaushe ne ɗan Maradi. Ya naɗe wayarsa ya ce shi dai yana da wani aiki a Shisha. A ƙarshe aka sa mukayyif a ɗakunan baya, waɗanda aka ƙara da siminti daga baya, don ta ce su ba ubanta ya gina ba, a yi musu abin da aka ga dama. Sau da yawa na kama ta tana barcin rana a ɗaya daga cikinsu. In na shigo sai ta ce carbinta ta zo nema.

Shekarar da aka daina sauke alhazai a gidan ita ce shekarar da na fara ganin hawayenta. An fito da ƙa'idojin masaukin alhazai, gidan kuwa matakala ɗaya gare shi, siririya, tana nannaɗe da ginshiƙi. Mun zaci za ta tayar da ƙura. Sai ta ce, "Gaskiyarsu. In wuta ta tashi, wagga matakala ba ta hidda mutane." Ba ta ja da kowa ba. Amma da lokacin hajji ya zo, garin ya cika, ɗakunan ƙasa suna rufe, ta zauna a roshan tana kallon masu harami suna wucewa zuwa manyan benaye, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba kuma ba ta yarda an gani ba.

Bayan sallar layya ta sa aka buɗe ɗakunan. Ta ce in an hana ta baƙin wata ɗaya, ba a hana ta baƙin shekara ba. Ma'aikatan ƙasarmu masu igama, wato takardar izinin zama, wanda ya sauka bai samu wuri ba tukuna, wanda aka sallama yana jiran wani aiki, wanda ciwo ya kwantar, su suka gaji ɗakunan alhazai. Direban nan na Damagaram haka ya zo. Hatsari ya yi, ƙafa ta karye, kafin ya fito asibiti an ba wani gadonsa a inda yake kwana. Abokansa suka kawo shi a ɗauke. Inna ta sauko da kanta, ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Kana da mata?"

Ya ce, "Ina da ita, Hajiya, tana gida."

"Ta sani?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ba ya son ya tayar mata da hankali.

"Kira ta yanzu, gabana. Mace tana can tana zaton ka manta da ita, kai kana nan kana jarumta."

Ya kira. Inna ta karɓi wayar ta gaya wa matar komai, ta ce mijinki na hannuna, in ya ƙi cin abinci ni da shi ne. Ya yi watanni a ɗakin. Kullum sai ta aika masa da tuwo da faɗa a faranti ɗaya. Ranar da ya fara taka ƙafar ya hau sama don ya yi godiya, ta ce ya sauka kafin ya sake karyewa ya ƙara mata aiki.

Ana haka unguwa ta fara canzawa. Masu gina benayen alhazai suka shigo, suna sayen tsofaffin gidaje biyu uku su haɗe su tayar da dogon bene. Maƙwabta suka sayar suka koma Shisha da Rusaifa, gidaje masu lif da wurin ajiye mota. Yaya ya fara zuwa da wani dillali, mai ladabi, mai ƙamshin turare, wanda ke sumbatar kan Inna yana ce mata uwa. Zan faɗi gaskiya, maganar Yaya ba ta banza ba ce. Ƙanwarsu mijinta ya rasu, tana gidan haya da yara. Mu ma ɗanmu ya isa aure ba shi da inda zai sa mata. Da an sayar, kowa zai samu nasa. Inna takan ba dillalin ruwan tulu, ta tambaye shi lafiyar iyali, ta ce sai ta yi shawara. Shawarar ba ta ƙarewa. Amma na lura ta fara yin shiru, irin shirun mutumin da ya san ana jiran ranarsa.

Abin da ya tayar da ita kuwa, daga Ingila ya zo. 'Yata ta fari, wadda aka sa wa sunanta, Inna ke ce mata Takwara, ta tafi can karatun haɗa magunguna. Da ta dawo hutu suka zauna a roshan tana nuna mata hotuna a waya, ni ina gefe ina tsinke ganyen na'ana'a. Suka zo kan hoton wani tsohon gida a wani ƙaramin gari, inda ita da ƙawayenta suka tsaya cin abinci. Bangonsa fari ne, an gicciya masa baƙaƙen katakai, hawan sama ya turo ya fi na ƙasa, rufin ya lotsa a tsakiya kamar bayan tsohon jaki. A gefe akwai wata faffaɗar ƙofa mai baka, wadda Takwara ta ce ta nan kekunan doki ke shiga tsakar gida a da. Ta ce ƙofofin ciki gajeru ne har wata doguwar ƙawarta ta buga goshi, daɓen kuma a karkace yake, in ka ajiye lemo sai ya gangara.

Inna ta sa yatsu ta buɗa hoton. Ta ce, "Wanga gida ai hwaɗuwa za shi yi."

Takwara ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "La, Sitti, ba zai faɗi ba. Hukuma ta sa shi cikin gidajen tarihi. Mai shi ba ya iya rushe shi. Ko taga ba zai canza ba sai an ba shi izini."

"Gidanshi, kuma ba shi da iko?"

"Yana da iko ya zauna, ya yi kasuwanci, ya sayar ma. Amma wanda ya saya shi ma dokar tana kansa. In katako ya ruɓe, irinsa za a nemo a mayar."

"Wa ka biya?"

"Mai gidan."

Inna ta yi dariya har sai da ta yi tari. Ta ce ashe ta daɗe tana bin dokar Turawa ba ta sani ba. Sannan ta gyara zama ta ce, "To wa ya kwana ciki? Sarki? Ko wani babban malaminsu?"

"Matafiya kawai, Sitti. 'Yan kasuwa, masu keken doki. Su kwana, su ci abinci, a canza musu dawaki su wuce." Ta ɗan dube ni, sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "Kuma ana sayar da giya a ƙasa. Mu dai kifi da dankali muka ci."

Inna ta ajiye wayar a cinyarta. Ta daɗe tana kallon titi ta ramukan katako.

Ta ce, "Masauki ke nan. Irin namu." Ta nuna hoton da yatsa. "Ban zarge su ba, sun san abin da sunka mallaka. Amma ku duba mani. Gidan da anka sha giya ciki an yi mashi gata, an ce kar wanda ya taɓa. Nan baƙin Allah sunka kwana, ƙahwahunsu a tsage, na gani da idona ina yarinya ina kai masu ruwa. An haihu nan, an mutu nan da harami a jiki. Kuma ɗana na cikina shina kawo mani dillali." Ta juyo gare ni. "Amarya, mu nan ba mu da masu duba gidajen tarihi?"

Na ce akwai, na ji ana yi a Jidda.

"To a kai ni."

Mijina ya kai ta ofishinsu a keken guragu, ta sa baƙar abayarta ta fita unguwa. An karɓe ta da mutunci, an saurare ta. Bayan wani lokaci aka turo mutum biyu, namiji da mace, suka zagaya gidan suna ɗaukar hoto. Matar har kwanciya ta yi a daɓen zaure don ta ɗauki bakan gizo, ta hau rufi ta shafa zanko ta tambayi ma'anarsa. Ta ce ba ta taɓa ganin roshan da irin wannan zaure a gida ɗaya ba. Amma ba su yi mana ƙarya ba. Suka ce an taɓa bayan gidan da siminti, kuma irin wannan magana sai an yi nazari, ba su da ikon yin alkawari, a ba su lokaci.

Inna ta ce wa matar, "Ya binti, na gode. Ku kuna da lokaci. Ni ba ni da shi."

Ba ta jira ba. Ta aika aka kira mata limamin masallacin unguwa, suka yi magana ta bayan labule. Bayan nan ta sa mijina ya sake fitar da ita, wannan karon gaban alƙali, da shaidu. Mijina ya ce alƙalin ya yi ta jan ta da tambayoyi don ya tabbatar tana cikin hankalinta, har ta ce masa in ya gama ita ma tana da nata tambayoyin.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci, 'ya'yanta uku suna zaune, ta sa na zauna ni ma. Ta ce, "Na mai da gidan ga wakafi. Ba a saida shi, ba a gadonshi, ba a kyauta da shi. Hawan ƙasa na baƙi. Na sama, wanda ya rasa wuri cikin zuri'ata ya zauna. Turawa na da dokarsu, mu ma muna da tamu, kuma ba sai na jira kowa ba."

Yaya ya ajiye kofin shayi. Ya yi magana da Hausa, abin da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Inna, kin hana mu gadonmu."

"Ba ka gaji komi ba tukuna. Ban mutu ba."

"Gobe in hanya ta biyo ta nan fa? Wakafi ko ba wakafi ba, rushe shi za a yi."

"In hanya ta zo, ta zo, ba ni jayayya da hanyar da alhazai za su bi. A ba da wani wuri madadinshi, baƙi su kwana can. Amma ba za a ce jikan wanda ya ɗora duwatsun ga shi ya kira katafila ba."

Ƙanwarsu ta fashe da kuka, ta ce ita fa, da marayu a gidan haya. Inna ta ce, "Ke wa ya ce ki zauna haya? Hawa na uku na nan, iska ta hi yawa can. Kwaso ɗiyanki." Kafin wata ya ƙare ta kwaso su, kuma suna nan har yau.

Yaya kuwa ya tashi ya sa takalmi ya fita, bai yi sallama ba. Ya ɗauke ƙafa. Azumi ya zo ya wuce, da salla ta waya ya gaishe ta, gaisuwar da ba ta fi ta maƙwabci ba. Inna ba ta kira shi ba ko sau ɗaya, kuma ta hana kowa zuwa ba shi baki. Amma duk Juma'a sai ta ce in ɗebe masa abincinsa in rufe. In la'asar ta yi bai zo ba, ta ce a kai wa na ƙasa, ba tare da ta dubi kwanon ba.

Faɗuwa ta yi a banɗaki, ƙugu ya goce. A asibiti likitoci suka gano abin ya wuce ƙugu, jiki ne ya gaji gaba ɗaya. Da ta fahimci haka ta ce a mai da ita gida. Aka ce ta bari ta ƙara ƙarfi. Ta daina cin abincinsu, ta daina amsa musu, har suka sallame ta. Muka iso ƙofar gida da hantsi, sai ga matsala: gadon ɗaukar marasa lafiya ba ya juyawa a matakalar. Aka ce a gyara mata ɗaki a ƙasa. Ta ce ƙasa na baƙi ne, ita ba baƙuwa ba ce.

Muna cikin wannan sai ga Yaya. Ban san wa ya gaya masa ba. Bai gai da kowa ba. Ya cire hiramin kansa ya miƙa wa ƙaninsa, ya durƙusa a gaban kekenta ya juya mata baya. Mutum ne mai furfura, mai ciwon gwiwa. Aka ɗora masa ita, ya fara hawa, ni ina biye ina tallafe da ƙafafunta. Ba ta ce masa sannu ba, ba ta ce ina ka shiga ba. Abin da na ji ta ce kawai shi ne, "A hankali, kar ka goge mani bango."

Da ya kwantar da ita kusa da roshan yana haki, ta riƙe rigarsa.

Ta ce, "Bayana kai ne nazir. Kai za ka kula da wakafin."

Ya ce, "Ni, Inna? Ni da na kawo dillali?"

"Kai. Ƙanenka kunya ta yi mashi yawa, kowa ya roƙe shi sai ya ba da. Kai ko taurin kaina ka ɗauko duka. Wanda ya iya wata da watanni bai taka gidan uwatai ba, dillali ba shi tanƙwara shi."

Yaya ya yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka, ya kifa goshinsa a hannunta. Na fita na ja musu ƙofa. Bai ƙara kwana a Rusaifa ba sai bayan da aka binne ta. Ta cika ranar wata Laraba da walaha, shi yana riƙe da kanta, kalmar shahada a bakinta.

To, ga amsata ga masu cewa ta ɗaure 'ya'yanta. Ina cikin waɗanda aka ɗaure ɗin. Ɗana har yanzu haya zai kama in ya yi aure, kuma na san abin da hakan ke nufi a garin nan. Amma ban ga ɗanta ko ɗaya da ya kwana a titi ba, na kuwa ga 'ya'yan wasu da yawa da za su kwana a titi ba don ita ba. Ba ruɗin tsufa ba ne. Ta san abin da take yi sarai, ta san abin da zai ci mata, ta yi azumi guda ba ta ga babban ɗanta ba kuma ba ta janye ba. Wanda ke ganin duwatsu ta zaɓa, bai taɓa saukowa hawan ƙasa ya ga waɗanda ke kwance a can ba.

Amsar masu gidajen tarihi ba ta zo ba har yau. Wataƙila ta zo, wataƙila ba za ta zo ba. Gidan da ke damanmu an rushe, na hagu ma an rushe, dogon bene ya tsaya a bayanmu ya tare mana rabin iska. Ban san shekara nawa ta rage wa gidan ba, kuma ba zan yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

Abin da na sani shi ne abin da na gani da safen da aka tashi daga zaman makoki. Ina cikin roshan, ana loda kujeru a mota, sai ga wani magidanci da jaka a kafaɗa, hannuwansa duk kanta irin na mai aikin siminti. Ya yi sallama ya ce an kwatanta masa gidan wata Hajiya. Yaya ne a ƙofa. Ya ce masa Hajiya ta rasu. Mutumin ya ajiye jaka, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, ya shafa, ya sake saɓa jakarsa ya juya.

Yaya ya ce, "Ina za ka?"

Mutumin ya ce, "To, Alhaji, tunda abin ya zo da haka."

"Wa ya ce ka tafi? Ɗaki na biyu a hagu. Ka ci abinci?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗaga kai sama ya ƙwala kira a sauko da abinci, da murya irin ta Inna, wadda ta sa na miƙe tsaye kafin in san na miƙe.

Ya Allah, ta sauki baƙinka muddin ranta, ba ta taɓa tambayar kowa abin da ya zo da shi ba. Yanzu ita ce baƙuwa a wurinka. Ka yafe mata kaifin harshenta, ka yalwata mata makwanci, ka yi mata masaukin da ya fi wanda ta yi wa bayinka. Amin.